Ya Koyo Tuƙin Jirgi a Waje, To Sai Me?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan, manoman rake da tumatir, 'yan kasuwa da malaman makaranta, domin shirin na yau ya taɓo wata sana'a da makarantarta ke bakin ƙofarsu, amma ba a cika zancenta a zaurukansu ba.

Wanda ya saba bin hanyar Samaru daga cikin Zariya ya san Palladan, ya kuma san makarantar da 'yan gari ke kira Abiyeshan, wato Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAT. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara koyarwa a 1966, kuma tun daga lokacin take yaye matuƙa, injiniyoyi da masu ba jirage umarni daga hasumiya. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a nan ta koya, daga baya ta zama shugabar kwalejin a 2011. Ƙananan jiragen da manomin Hunkuyi ko Likoro kan ɗaga kai ya hanga suna kewayawa da hantsi, galibi ɗaliban nan ne a ciki.

Duk da haka, iyaye da gwamnatoci da dama kan tsallake Zariya su tura yara Afirka ta Kudu, Amurka, Jodan ko Habasha. Yaro ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu, ya dawo da farar riga mai ratsin zinariya a kafaɗa, ga lasisi a aljihu. A yi walima, a ɗauki hotuna, dangi su zo barka. Bayan kwana biyu sai kawu ya tambaya: to yaushe zai fara aiki? A nan ne ake jin abin da ba a faɗa ba ranar biyan kuɗi. Da wannan lasisin da ya zo da shi, ko ƙaramin jirgin Palladan ba zai ɗauka da sunan aiki ba, sai ya sake bin layi a gida.

Dalilin yana rubuce a jikin kowane jirgi. Mai sauraron da ya taɓa rakiyar alhazai a filin jirgin Kaduna ko na Malam Aminu Kano, ƙila ya lura da wasu baƙaƙe kusa da wutsiya. Na Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Saudiyya HZ, na Amurka kuwa N kawai. Wannan ita ce shaidar ƙasar da jirgin ya yi rajista. A ranar 7 ga Disamba 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ko ƙare ba, ƙasashe 52 suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Shikago, wadda ta haifi hukumar ICAO mai hedkwata a Montiriyal ta Kanada. Yau ƙasashe 193 ne a cikinta. Najeriya ta shiga a 1960, har ma ɗan ƙasar nan, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisarta daga 2014 zuwa 2019. Sashe na 32 na yarjejeniyar ya tanadi cewa lasisin matuƙi daga ƙasar da jirgin ke da rajista zai fito, ko kuma ita ce za ta sahale shi.

Ke nan ba fasfon matuƙi ake fara dubawa ba, lambar jirgi ake dubawa. A ƙa'ida, ɗan Ikara mai lasisin Amurka yana iya ɗauko jirgi mai lambar N ya sauka da shi a Kano. Ya sauko, ya yi 'yan taku, ya nufi wani jirgi iri ɗaya sak amma mai lambar 5N, sai doka ta ce masa dakata, Malam. Wannan ne kuma ya sa lokacin jigilar alhazai akan ga baƙin fuska a gaban jirgi ba tare da sun zauna wata jarrabawar Najeriya ba: idan kamfani ya yi hayar jirgi tare da ma'aikatansa, jirgin yana nan da lambar ƙasarsu, su kuma da lasisin can suke aiki.

Akwai ƙarin wata gaɓa a sashen da ba kowa ke karantawa ba. Kowace ƙasa tana da ikon ƙin amincewa da lasisin da wata ƙasa ta ba ɗanta, muddin a samanta zai tashi. Hikimar a fili take: kada wanda ya kasa a gida ya zagaya ya samo takarda inda ake rangwame.

A Najeriya hatimin yana hannun NCAA, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 49 ta 1999, take kuma aiki yanzu da dokar 2022. Iyaye su riƙe wannan da kyau: makaranta ba ta ba da lasisi, a Zariya take ko a Fulorida. Makaranta koyarwa take yi, hukuma ke ba da lasisi. Takardar kammala karatu mai kyan zane da ake rataye wa a falo ba ita ake nuna wa sufeto ba.

Mai lasisin waje yana da ƙofa biyu. Ta farko sahalewa ce: hukuma ta ba shi takardar wucin gadi da zai haɗa da lasisinsa na asali ya tuƙa jirgin 5N na wani ɗan lokaci. Wannan takarda ba ta tsayawa da ƙafarta. Ranar da lasisin asali ya ƙare ko aka soke shi, ita ma ta mutu. Ita ce ƙofar da baƙin matuƙa ke bi idan wani kamfanin gida ya ɗauko su kwantiragi, ga kuma gurbin ɗaukar baƙo daga Ma'aikatar Cikin Gida da katin zama daga hukumar shige da fice. Ƙofa ta biyu sauyawa ce: a duba abin da mutum ya zo da shi, a gwada shi, a ba shi lasisin Najeriya cikakke mai zaman kansa. Ɗan ƙasa da ya dawo gida don ya zauna, wannan ce tasa.

Abu na farko da hukuma za ta yi shi ne ta ƙi yarda da shi. Ba raini ba ne, aiki ne. Za ta rubuta wa takwararta ta ƙasar da ta ba da lasisin: kun san wannan mutum? Lambar nan taku ce? Lasisin na da rai? An taɓa dakatar da shi? Har sai amsa ta dawo daga hukuma zuwa hukuma, ba ta hannun mai nema ba, fayil ɗin yana ajiye. Amurka ma haka take yi wa kowa. Ofishin hukumarta ta FAA da ke Oklahoma ne ke tura irin wannan wasiƙa, kuma takardar tantancewar da yake bayarwa wata shida kawai take aiki.

Wanda ke ganin an cika tsanani, ya tuna Pakistan. A ranar 22 ga Mayu 2020 jirgin kamfanin PIA ya faɗi a kan gidaje a Karachi, mutum 97 da ke ciki suka rasu. Bayan wata guda ministan sufurin jiragen saman ƙasar, Ghulam Sarwar Khan, ya fito ya ce daga cikin matuƙa 860 da suke da su, 262 akwai shakku a kan lasisinsu, wasu ma wani ne ya zauna musu jarrabawa. Tarayyar Turai ta rufe wa PIA ƙofa, ba ta buɗe ba sai Nuwamban 2024. Biyetnam da Malesiya suka dakatar da matuƙa masu lasisin Pakistan har sai an tantance su ɗaya bayan ɗaya. Mai gaskiya da marar gaskiya duk aka ajiye su a ƙasa. Darajar lasisi tana ɗaure da darajar hukumar da ta ba da shi, don haka ƙasar da za a tura yaro ita ma abin bincike ce, ba makarantar kaɗai ba.

Daga nan sai littafin awanni. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi: rana, lambar jirgi, daga ina zuwa ina, minti nawa, da rana ko da dare, shi kaɗai ko da malami. Ma'aunin ICAO na lasisin tuƙin kai, PPL, awa 40 ne. Na kasuwanci, CPL, wanda da shi ake fara cin abinci, awa 200 ne, ko 150 idan a tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita aka yi. Babban lasisi, ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, awa 1,500 ne, kuma sai mutum ya kai shekara 21. Amma jimilla kaɗai ba ta isa. Ana duba awa nawa ya yi yana shugaban jirgi, nawa a doguwar tafiya, nawa da dare, nawa da na'ura kawai ba ya ganin waje. Kowace ƙasa tana da 'yancin ƙara nata a kan ma'aunin ICAO, kuma a nan ne wasu kan tarar cewa suna da giɓin 'yan awanni a wani rukuni, sai sun yi hayar jirgi sun cike. Awa ɗaya a sama kuwa ba arha ba ce.

Sai jarrabawar dokokin sama. Yara kan ji haushinta, wai me za a koya musu bayan sun ci ta Amurka. Akwai abin koyo. A Amurka ana auna nauyin iska da inci, a nan da hektofaskal; wanda ya murɗa na'urar auna tsayi da lambar da ba ta dace ba, zai ɗauka yana sama alhali ya kusa ƙasa. Can ana faɗin nisan gani da mil, nan da mita. Can sai jirgi ya kai ƙafa 18,000 kafin matuƙi ya koma ma'aunin bai-ɗaya, a Najeriya tun ƙasa da haka nesa ake komawa, kuma kowane fili da nasa.

Ga kuma yanayi, wanda babu littafin Fulorida da ya san shi yadda ɗan Kudan ya san shi. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana iya rufe Kano da Kaduna har a soke tashin jirage, hukumar NiMet tana ta fitar da gargaɗi. Hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa, wanda ke yaye kwanon ɗaki a Gimi da Auchan, shi ne dai wanda matuƙi zai koyi karantawa a na'ura ya kauce masa. Zariya tana sama da mita 600 daga teku. A zafin Maris da Afrilu iska kan yi sako-sako, jirgi ya buƙaci ƙarin gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Ɗalibin Palladan yana fama da waɗannan tun ranar farko. Wanda ya koya a bakin teku, sai ya dawo zai gamu da su.

Turanci ma ana gwadawa, kuma ba irin na WAEC ba. A ranar 12 ga Nuwamba 1996 jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 da wani jirgin Kazakistan suka yi karo a sama kusa da Delhi, mutum 349 suka mutu, kuma bincike ya nuna raunin Turancin ma'aikatan ɗaya jirgin yana cikin musabbabai. Wannan da ire-irensa suka sa ICAO ta kafa ma'auni mai hawa shida, ta wajabta hawa na huɗu daga Maris 2008. Abin da ake nema shi ne mutum ya ji umarni ta rediyo mai ƙara, daga bakin da lafazinsa ya bambanta da nasa, ya maimaita daidai, kuma idan abu ya lalace ya iya bayyana shi da kalmomin da ba ya cikin hadda. Mai hawa na huɗu ana sake gwada shi bayan 'yan shekaru. Ɗan makarantar da ke jin kunyar buɗe baki a aji saboda kada a yi masa dariya, ya san cewa a wannan sana'a shiru ne abin tsoro.

Gwajin tuƙi shi ne cikon: a zauna da mai jarrabawar da NCAA ta naɗa, a tashi, ya gani da idonsa.

Duk wannan ana gama shi idan takardu sun cika kuma akwai haƙuri. Ba sauya lasisi ne ke kayar da yawancin yara ba, abin da ke bayansa ne. Misalin da Arewa ba za ta manta ba yana nan maƙwabta. A zangon mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Tunani ne mai kyau, kuma ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da a da sai ɗan wane da wane. Suka koya, suka dawo. Shekaru bayan haka jaridu suna ta ruwaito cewa da yawansu na zaune ba kujera, wasu sun koma wasu sana'o'in, ko da yake wasu sun samu shiga daga baya. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Abin da ya tare hanya shi ne shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi, wadda matuƙa ke kira taif-retin.

Lasisin CPL yana cewa mutum ya iya tuƙa ƙaramin jirgi kuma an yarda a biya shi. Bai ce ya iya Boeing 737 irin na Max Air ba, bai ce ya iya Embraer 145 irin na Rano Air ba. Mai lasisin ƙaramar mota ba a miƙa masa makullin tirelar da ta ɗauko rake daga Maƙarfi, ko da bai taɓa buge ko akuya ba. Kowane babban jirgi da kwas ɗinsa: makonni a aji ana haddace injinsa da wutarsa da man birkinsa, sannan a shiga na'urar kwaikwayo, wani ɗaki mai motsi da aka ƙera daidai da gaban jirgin, inda malami zai kashe wa mutum inji yana tsakiyar tashi, ya kunna masa gobara, ya rufe masa fili da hazo, ya ga abin da zai yi. Kuɗin kwas ɗin da dala ake faɗinsa, dubbai masu kauri, kuma shekara da shekaru sai an fita waje ake yinsa. Saboda haka ne kwalejin Zariya ta sayo na'urar kwaikwayon Boeing 737 tata.

A wasu ƙasashe kamfani ne ke biya, ya ɗaure matuƙi da yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru. A nan sau da yawa ana so yaro ya zo da abinsa a hannu. Kuma ko ya zo da shi, sai a tambaye shi awa nawa ya yi a kan jirgin. Sabon matuƙi yana da wajen awa 200 a duniya. Kamfani yana son mai ɗaruruwa ko dubbai, kamfanin inshora ma haka. Ba a ba shi aiki sai da awanni, ba ya samun awanni sai da aiki. A Amurka matasa kan cike wannan rami da koyar da na bayansu; a Botsuwana da Kenya da Tanzaniya kan cike shi da kai 'yan yawon buɗe ido daji a ƙananan jirage. Najeriya ba ta da ƙananan jirage masu yawa irin haka, shi ya sa tsanin ya rasa matakan tsakiya. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ta daɗe tana kuka a kan 'yan ƙasa da ke zaune alhali ana ɗauko baƙi. Kamfanoni kuma suna cewa kyaftin mai dubban awanni suke nema, ba sa samunsa a gida yadda suke so. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, yaron da ke tsakiya ne dai ke tsufa.

Zaman jiran kuma ba kyauta ba ne, domin takardun matuƙi ruɓewa suke yi. Takardar likita shekara ɗaya ce. Shaidar tuƙi da na'ura a yawancin ƙasashe duk shekara ake sabunta ta da gwaji. Wanda bai tashi ya sauka sau uku a cikin kwana 90 ba, ba ya ɗaukar fasinja sai ya sake motsa hannu. Lasisin Amurka ba shi da ranar ƙarewa a jikinsa, wannan kan ruɗi mutane, amma ba ya aiki sai da bita duk wata 24 da takardar likita mai rai. Matashin da ya dawo ya ce bari ya huta shekara guda kafin ya nemi sauyi, yana iya tarar cewa lasisin da zai sauya ɗin ya kwanta, kuma hukuma ba ta sauya matacce. Sai ya sake neman biza ya koma can ya farfaɗo da shi. Idan gwamnati ko attajiri zai ɗauki nauyin yara, kasafin da ya tsaya a ranar yaye ɗalibai rabin kasafi ne; gara a tura 30 a kai su har kujera da a tura 100 a sauke su a bakin hanya.

To idan aka juya tafiyar fa, mai lasisin Najeriya yana son aiki a waje? Nan ma lambar jirgi ce ke hukunci. Amurka tana ba da lasisin tuƙin kai cikin sauƙi bisa na ƙasar mutum, amma na neman kuɗi sai ya zauna jarrabawarta ya yi gwajinta. Kuma tun bayan faɗuwar jirgin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, wanda ya ci rai 50, dokar da ta fara aiki a 2013 ta sa ko mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja sai ya kai awa 1,500, in ban da 'yan rangwame ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin. Turai ta fi tsauri wajen takarda: darussa 13 ake rubutawa, kowanne sai an ci 75 cikin 100, a gama su cikin wata 18, sannan a je cibiyar likitocinsu a yi gwajin farko.

Siyasa ma kan shiga. Da Birtaniya ta fice daga tsarin Turai a ƙarshen 2020, matuƙin Ingila da jiya yake tuƙa jirgin Jamus ko Faransa ba tambaya, ya wayi gari lasisinsa na baƙo ne. Ita kuma ta ba masu lasisin Turai wa'adi zuwa ƙarshen 2022. Mutum bai manta tuƙi cikin dare ɗaya ba, yarjejeniya ce ta canza. A yankinmu, Najeriya, Gana, Gambiya, Gini, Laberiya, Saliyo da Kef Bade suna da ƙungiyar BAGASOO mai ofis a Abuja da ke ƙoƙarin daidaita ƙa'idojinsu, amma har yanzu kowace ƙasa da hatiminta. Ɗan Maraɗi mai lasisin hukumar ANAC ta Nijar da ɗan Katsina mai na NCAA suna iya haɗa kaka, amma ba sa musayar jirgi sai da takarda.

Manyan kamfanonin Dubai da Doha, inda idon matasa ya fi karkata, suna ɗaukar matuƙa daga ko'ina, har da 'yan Najeriya, kuma su kan tsaya wa wanda suka ɗauka wajen samun lasisin ƙasarsu. Sai dai waɗanda suka riga suka tara dubban awanni a manyan jirage suke nema. Kuma a ko'ina, lasisi daban, izinin aiki daban. Bizar karatu da yaro ya shiga Amurka da ita ba ta ba shi damar zama ya yi aiki yadda ya ga dama. Dillalin da ya ce da an gama karatu aiki na jira a can, a tambaye shi da wace biza.

Me ya sa ake fita waje tun farko, ga Zariya a kusa? Akwai dalilai na gaskiya. Gurbi a kwalejin ba shi da yawa. Hazo kan tsayar da tashin ɗalibai, domin mai koyo sai yana ganin ƙasa. Tsada da ƙarancin man abgas da tsofaffin jiragen Tampico ke sha sun daɗe suna jawo tsaiko, abin da ya sa kwalejin ta koma jiragen Diamond DA40 da DA42 masu shan man da manyan jirage ke sha. Inda ake samun sararin sama garau kusan duk shekara da jirage birjik, karatu ya fi sauri. Amma lissafin ya canza. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Iyalin da suka tura yaro da tsohon lissafi sun ga kuɗin makaranta ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Wanda ya yi karatu a Zariya ko a kwalejin Ilori, kai tsaye lasisin NCAA yake nema, babu zancen sauyi, kuma yana iya zuwa gida Paki ko Gazara ya yi sallah ya koma.

Uban da ya riga ya yanke shawarar fitar da ɗansa, kafin ya sa hannu a takardar sayar da fadama, ya sa a rubuta wa NCAA a tambaya abin da za ta nema daga mai lasisin wannan ƙasar idan ya dawo. Ya nemi shaidar cewa hukumar can ta amince da makarantar, ya duba ta a shafin hukumar, ba a takardar tallan makarantar ba. Ya tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da tuƙi da na'ura da jirgi mai inji biyu, domin CPL da babu waɗannan ba ya kai mutum ƙofar kamfanin fasinja. Kuma kada ya zuba kuɗin gaba ɗaya; makarantun tuƙi kan rufe, a ƙasashen da suka ci gaba ma, su tafi da kuɗin ɗalibai. Shi kuma yaron da ke sakandare a Ikara ko Hunkuyi yanzu, kiredit biyar ake nema a Zariya, har da Turanci, Lissafi da Fiziks.

An bar maganar likita zuwa ƙarshe da gangan, domin ita ce aka fi jinkirtawa alhali ita ta fi arha. Mai neman CPL sai da takardar lafiya aji na ɗaya, kuma ba kowane likita ke ba da ita ba, sai wanda hukuma ta naɗa. Takardar likitan Afirka ta Kudu ba ta wadatar da NCAA, sai an sake a nan. Ana duba zuciya, hawan jini, suga, ji, gani, da tarihin farfaɗiya ko suma. Gilashi ba ya hana tuƙi idan yana gyara gani zuwa ma'auni. Abin da kan zo ba zato shi ne rarrabe launi. Akwai samari lafiyayyu da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma ba su taɓa sani ba, domin haka aka haife su, babu abin da ya taɓa tona su a gona ko a aji. A sama kuwa fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, fitilun da ke nuna wa matuƙi ko ya yi ƙasa da yawa wajen sauka ja da fari ne. Gwajin farko 'yan mintuna ne: littafi mai ɗige-ɗigen launi da lambobi ɓoye a ciki, a ce mutum ya karanta. Ana iya neman jerin likitocin da aka amince da su daga NCAA, a kai yaro a duba shi tun kafin a nemi fasfo.